Kunyar Cikin Fari da Zazzaɓin da Ya Ɓuya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce, abu ne da ya faru a gidana, idona ya gani.

Mu mutanen daji ne da gari ya haɗiye. A ruga aka haife ni, can bayan Zungur, can aka yi mini aure. Da shanu suka ƙare, maigidana ya kwaso mu zuwa cikin Bauchi, muka zauna a tsohon gari har Allah Ya karɓi abinsa. Shanu sun tafi, bukka ta tafi, Fulatancin ma a bakin jikoki bai wuce gaisuwa ba. Abu ɗaya ne ya biyo mu har cikin ganuwa bai ragu ba, shi ne kunya.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ita ta haife shi. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka taras. Saboda haka da 'yata ta haifi 'yar farinta, ana yaye yarinyar aka ɗauko ta aka kawo mini, ko da yake gidan 'yar tawa yana nan bayan layinmu. Yarinya ta tashi a hannuna, tana kiran uwarta Adda kamar wata yayarta. Ita kuwa uwar in za ta tambaye ta, sai ta ce, "Inna, ina mutuniyarki?"

Wannan jika tawa ta sha zazzaɓin cizon sauro tana ƙarama. Da damina muna zuwa Zungur taya dangi aikin gona, kuma ba mu taɓa dawowa ba tare da ta kwanta ba. Jiki ya yi zafi kamar tanda, ta yi ta karkarwa, a kai ta asibiti, a ba ta magani, ta tashi. Sau ɗaya har jijjiga ta yi a bayana. Amma tana girma abin yana raguwa. Lokacin da ta zama budurwa, zazzaɓi ya bar ta sam. Kowa ya kwanta a gida, ita ce mai dafa ruwan zafi, ita ce mai zuwa kemis. Har alfahari take yi, wai ita da sauro sun yi sulhu.

Ta gama makarantarta, ta kawo wanda take so, wani tela ɗan mutanenmu, mai shago a Yelwa kusa da jami'a, inda yake yi wa ɗalibai ɗinki. Yaro mai hankali, mai sunkuyar da kai. Suka kama ɗakin haya a wani gida da ruwan kwata ke kwanciya a bayansa.

Duk Juma'a takan hau keke napep ta zo mini da masa. Wata Juma'a, farkon damina, ta buɗe kwanon ta kau da kai, ta toshe hanci da bakin mayafi. Na dube ta, na dubi wuyanta, na ce, "Ƙawata, yaushe kika fara gaba da masa?"

Ta ce, "Man ne ya yi yawa."

Na ce, "Man ne ko mai shago?"

Ta ce, "Ke dai tsohuwar nan, haƙora sun zube amma baki ya ƙi hutawa. Ci masarki."

Na ce mata, "Zan ci. Amma ki fara zuwa awo. Matan unguwa duk suna zuwa, ana ba su magani da gidan sauro."

Sai ta rufe fuska da hannu biyu. Ta ce, "Haba Kaka! In je in zauna a benci cikin mata, kowa ya san abin da ya kawo ni? Kuma da wane baki zan ce masa ya bar ni in je? Ni fa ko ciwon kai ba na yi. Ke kin je awo da kika haifi su Adda?"

To, ku ji yadda abin yake. Cikin fari a wurinmu ba a maganarsa. Mace ba ta faɗa wa miji, miji ya gani ya yi kamar bai gani ba, uwar miji ta gani ta yi shiru, har sai ciki ya kai wata bakwai a mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. A nan ne kowa ke samun bakin magana. Na sake yi mata zancen awo ba sau ɗaya ba, takan ce to. Da mijin ya zo gaishe ni na ce masa, "Angona, ka riƙa kai ƙawata asibiti ana duba ta." Ya sa ido a ƙasa, yana murza bakin rigarsa, ya ce, "In sha Allahu, Kaka." Daga baya na ji ya je har ƙofar ɗaki da niyyar yi mata maganar, ya kasa, sai ya sayo mata lemo da kankana ya ajiye ya koma shago.

Damina ta yi nisa, dawa ta fara fitar da kai, aka kawo ta goyon ciki. Ɗakina aka sauke ta, tunda ni na raine ta. Ba ta da zazzaɓi, ba ta karkarwa. Gajiya ce kawai. In ta je bayan gida ta dawo sai ta zauna tana haki, ta ce jiri ne. Ƙafafunta sun ɗan kumbura. Na ɗauka nauyin ciki ne, ga idona ma ya fara hazo.

Washegari da hantsi uwarta ta zo. Ta zauna a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta ba wa gadon rabin baya, ta gaishe ni. Yarinya ta ce, "Ina kwana, Adda." Ta ce, "Lafiya," ba ta juya ba. Amma da yarinyar ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, na ga idon uwar ya bi hannun. Ta tashi ta ce za ta tafi, in taka mata. Muna isa zaure ta kama hannuna, ta riƙe da ƙarfi irin wanda ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Inna, ki duba tafin hannun mutuniyarki. Fari fat ne. Ki ja fatar idonta ki gani. Kuma cikin nan ya yi ƙanƙanta da watanninsa."

Na ce, "Ke da kika gani, me ya hana ki faɗa a ciki?"

Ta ce, "Haba Inna."

Na koma na ja fatar idon yarinya. Babu ja ko kaɗan, kamar auduga. Na ce mata, "Abin da ke cikin nan yana motsi?" Ta ɗauke kai. Na ce, "Ba wasa nake yi ba yau." Sai ta ce a hankali, "Yana yi, amma ba kamar da ba." Na ce ta sa hijabi. Uwar ta riga ta tsayar da mai keke a ƙofar gida. Ta shiga ta zauna a gefe, tana cewa wai ni ta rako saboda ƙafata.

A asibiti muka faɗa hannun wata sista, doguwa, matar soja ce daga barikin Shadawanka. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta irin ta bariki, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta soki yatsan yarinya, ta ɗebi jini a hannu, ta sa wani abu a cikinta ta saurara. Ta ce, "Baby yana nan da rai, amma ya gaji. Mama, yarinya ɗin nan ba shi da jini. Maleriya ya shanye. Me ya sa bai zo awo ba?"

Na ce, "Kunya."

Ta ce, "Kunyan wa? Ba mijinshi ne ya ba shi cikin ba?"

Duk halin da ake ciki sai da jikata ta ja zane ta rufe kai.

Aka kwantar da ita, aka sa mata magani ta jijiya, aka aika a kira mijin. Muna jira, na ce wa sistar, "'Yata, ki fid da ni daga duhu. Yarinyar nan ta fi shekara goma zazzaɓi bai kayar da ita ba. Ko yanzu jikinta ba zafi. Ta ina ya shiga?"

Ta jawo kujera ta zauna, tana naɗe wata roba a hannu. Ta ce a cikin jinin mutum akwai masu gadi, kamar sojojin ƙofar bariki. In sauro ya zuba ƙwayar cutar, sai ta shige cikin jajayen ƙwayoyin jini ta ɓuya, amma takan bar wata alama a bayan ƙwayar da ta shiga. Masu gadin nan su ga alamar, su auna ta, su koma su ƙera wani abu daidai da ita, wanda zai kama ta ya manne. Duk ƙwayar da aka manna wa abin nan, an yi mata shaida ke nan, sai saifa da sauran masu shara su tsince ta su hallaka. Kuma wasu cikin masu gadin ba sa mantawa, suna riƙe da awon shekara da shekaru.

Na ce, "Tsaya. Irin dangwali ke nan."

Ta ce, "Mene ne dangwali?"

Na ce mata igiya ce doguwa da muke ɗaure maruƙa a ruga, an yi mata zarge-zarge, kowane maraƙi da nasa daidai wuyansa. In ka sa na babba a wuyan ƙarami zai zame, na ƙarami kuma ba ya shiga wuyan babba.

Ta buga cinya ta ce, "Shi ne, Mama! Za ka zo ka koyar a makarantanmu." Ta ce wahalar ita ce cutar nan tana da alamu iri-iri, tana canza su. Yau jiki ya tufka zarge ɗaya, baɗi wata ta zo da wani wuyan daban. Shi ya sa yaro ke kwanciya damina bayan damina. Kowace kwanciya, in Allah Ya sa an ba shi magani ya tashi, igiyarsa ta ƙara zarge. Har ranar da za ta yi tsawo, kusan duk wadda ta shigo akwai nata yana jiranta. Ba wai cutar ta daina shiga ba ce, ana kama yawancinta ne kafin ta kayar da mutum.

Na ce, "To igiyar jikata ta tsinke ne?"

Ta ce a'a. Ta ce akwai wata irin alama da cutar ba ta fito da ita sai a jikin mai ciki. Da ita take manne wa mabiyiya, inda abinci ke bi ya isa ga jariri. Yarinya ba ta taɓa yin ciki ba, saboda haka jikinta bai taɓa ganin wannan wuyan ba, balle ya tufka masa zarge. Sauran ana ta kama su a cikin jini, shi ya sa ba zafin jiki. Waɗannan kuwa sun taru a mabiyiya suna cin jinin uwa, suna tare wa ɗa hanyar abinci. Ta ce, "Cikin fari shi ne mafi haɗari. Na biyu, na uku, jiki ya riga ya koya. Shi ya sa muke ba da magani a awo tun ba a ji ciwo ba."

Na tuna rugarmu. Na tuna yadda tsofaffi ke cewa ɗan fari ba ya cika zama, kuma mun yarda haka Allah Ya tsara. Nawa na farin ma, namiji ne, ya zo ɗan mitsitsi a ƙarshen wata damina, bai kai suna ba. Ba wanda ya yi mini ta'aziyya a fili, ni ma ban yi kuka a fili ba, don na fari ne. Sai ga shi da furfurata, a kan bencin asibiti, wata matar soja ta gaya mini abin da mai yiwuwa ya cinye shi. Allah Shi ne masani. Na share idona da bakin zane, na ce hazon nan ne.

Mijin ya iso da zare manne a rigarsa, tare da mahaifiyarsa, dattijuwa mai nauyin baki, wadda ta fi mu riƙon al'ada. Likita ya ce magani kaɗai ba zai isa ba, dole a ƙara jini a yau, in ba haka ba zuciyar uwa za ta gaza, abin da ke ciki kuma ba zai jira ba. Wanda ke ajiye a asibitin ba irin nata ba ne. Aka gwada na mijin, bai dace ba. Ya fita yana ta kiran abokai a waya, wannan ya yi tafiya, wancan ya ce yana zuwa. Na miƙa hannuna, sista ta ce, "Mama, naka ko sauro ba zai ƙoshi ba." Rana ta take, aka yi azahar. Na leƙa ɗakin, na ga yarinya tana numfashi sama-sama, leɓɓanta sun yi fari.

Duk wannan lokaci 'yata tana zaune a ƙarshen benci a baranda, nesa da mu, kamar wadda ta zo dubiyar wani. Uwar mijin, surukarta ta fuskar 'ya, tana zaune a ɗaya ƙarshen. Sun gaisa, kowacce ta sa ido a ƙasa.

Sai sista ta fito, ta tsaya tsakiyar baranda cike da mutane, ta ɗaga murya. Ta ce, "Wai yarinya ɗin nan ba shi da mama ne? Ina wanda ya haife shi? Sau da yawa jinin mama yana dacewa."

Na buɗe baki zan nuna ta, sai na fasa, don na san in na nuna ta a gaban surukai na tsiraita ta. Na dubi 'yata. Shekara ashirin da wani abu ba ta taɓa faɗin wannan magana a gaban kowa ba, ko a gabana.

A nan uwar mijin ta yi abin da ba zan manta ba. Ta miƙe a hankali, ta ce wa ɗanta, "Kai, zo ka nuna mini inda ake alwala." Ta riga ta yi sallarta, na gan ta. Ta ja shi suka bi ta bayan gini, ba ta waiwayo ba.

Suna ɓacewa 'yata ta tashi. Muryarta ba ta fita sosai ba, amma ta fita. Ta ce, "Ni na haife ta."

Sista ta ce, "Tun safe kana nan ka yi shiru? Kai, mutanen nan za ku kashe ni! Zo mu je."

Aka gwada, ya dace, aka duba ba shi da wata cuta. Aka ɗiba. Kafin la'asar jakar jini tana rataye a kan gadon jikata, yana sauka ɗigo-ɗigo. Na tambayi sista ko zargen uwar, ita da ta haihu da yawa, zai bi jinin ya taimaki 'yar. Ta ce ko ya bi kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa, aro ne. Dole jikin yarinya ya tufka nasa, kuma ya riga ya fara.

Da yarinya ta farfaɗo ta dubi jakar ta ce, "Kaka, na wane ne?"

Na ce, "Na wata mata ce a baranda."

Ta dubi ƙofa. Uwar tana tsaye a wajen, an manna mata auduga a hannu, tana kallon wani wuri daban. Yarinya ta ce, "Sannu, Adda." Ta ce, "Yauwa." Sai ta ce da ni, "Inna, ki ce wa mutuniyarki ta riƙa cin abinci." Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan.

Aka sallame mu bayan ta ƙarasa magani, aka ba mu gidan sauro da ƙwayoyin ƙarin jini. Motsin ciki ya dawo, har tana cewa ana harbinta. Amma ɓarnar da aka riga aka yi wa mabiyiya ba ta gyaru duka ba. Naƙuda ta zo kafin lokaci, ana cikin girbin dawa. Aka haifi mace, 'yar ƙarama ƙwarai, ana ganin jijiyoyin kanta, kukanta kamar na ɗan mage. Da na karɓe ta ban ji nauyin komai ba sai na zane.

Sista ta ce kada a yi wa jaririyar wanka irin namu, kada a ajiye ta a gado. A ɗaure ta a ƙirjin uwa, fata da fata, ɗumin jiki ya riƙe ta, a yi ta ba ta nono kaɗan-kaɗan. Ta ce uwar ta riga ta ba ta aron zargenta ta cibiya, zai tsare ta 'yan watanni, daga nan sai ta fara tufka nata, don haka kada a raba ta da gidan sauro, kuma ranar da jikinta ya yi zafi a kawo ta a ranar. Haka muka yi. In uwar ta gaji, a ɗaura mini. In na gaji, 'yata ta karɓa, don jika ba a kunyarta, har waƙa take yi mata. Ranar suna ba a yi taro ba, ba a fito da ita ba. Muka yi ta kallon cinyoyinta kamar masu jiran tsiro. Sannu a hankali fata ta cika, kuka ya yi ƙarfi, ranar da ta fara tsala ihu har maƙwabta suka ji, tela ya sayo kaji ya kawo.

Ga yadda kowa ya ƙare. Sista, an yi wa mijinta canjin wurin aiki, ta bi shi, ban sake jin labarinta ba, Allah Ya saka mata da alheri a inda take. Uwar mijin ta rasu shekara biyu bayan haka, bayan gajeriyar jinya, mun yi mata addu'a mai yawa. Tela ya bar gidan kwata ya kama wani a tudu, ya ƙara keken ɗinki, ya ɗauki yara biyu. Jikata ta sake samun ciki, ta je awo da ƙafarta tun yana ƙarami, ta sha maganinta duk da an ce jikinta ya koya, ta haifi namiji ƙato, yanzu tana koyarwa a wata makarantar firamare a Yelwa. 'Yata tana nan bayan layinmu, ta aurar da sauran 'ya'yanta, hawan jini ya ɗan taɓa ta amma tana shan magani. 'Yar mitsitsin nan ta yi zazzaɓinta na farko a damina ta biyu, aka kai ta a ranar, ta tashi. Yanzu ta shiga Islamiyya, ta fi kowa baki a ajinsu, ta ce in ta girma tuƙin jirgi za ta yi. Ni kuwa ƙafa ta ƙi, ido ya yi nisa, an ce za a yi mini aiki a na dama bayan Sallah.